Masu Ƙarasa wa Mai Aski Magana

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar Mai Aski zai gaya maka bai taɓa ganin mai sauraro irinsa ba. Ka kawo masa ƙarar matarka, da ta maigidanka a wurin aiki, da ta gwiwarka mai ciwo, yana bin ƙeyarka da inji yana gyaɗa kai, ka tashi sakayau ciki da waje. Daga nan mutanen layin suka yanke cewa mutum ne mai zurfin ciki. Ina fa! Magana ce fal cikinsa, i'ina ce kawai ta tsare ƙofa.

Da ita ya tashi. A makaranta, idan malam ya ce kowa ya karanta layi ɗaya, shi ba ya jin abin da sauran ke karantawa. Yana can yana leƙen layin da zai faɗo kansa, yana addu'ar kada ya fara da "ba" ko "ga", don waɗannan biyun su ne abokan gabarsa. Ko mahaifinsu bai taɓa iya kira Baba kai tsaye ba, sai Tsoho, har mutane suna cewa yaron nan ba shi da ladabi. A hankali ya ƙirƙiro dabarunsa. Idan ya hango kalma mai wuya tafe, sai ya sa "wato" a gabanta, kamar mai ɗora katako a bakin kwata don ya haye da keke. Idan ta ƙi duk da haka, sai ya doki ƙasa da diddigensa na dama har ta faɗo. Da ya gaji da dariyar aji, ya bar makaranta ya koyi aski, sana'ar da hannu ke magana.

Ƙanensa kuwa, Auta, kamar an haife shi da rediyo a maƙogwaro. Tun yana rarrafe yake kwaikwayon kukan akuya, da ya girma ya koma kwaikwayon maƙwabta. Bayan rasuwar Tsoho, Mai Aski ne ya riƙe shi: ci, sha, takalmin makaranta, har bulala idan ta kama. Shi kuma Auta ya zama bakin yayansa. Su shiga kanti tare, Mai Aski ya fara, "A ba ni sa... sa...", sai Auta ya cafe, "Sabulu!" Mutane su ce, "Kai, Allah bai hana ka baki ba, a jikin ƙanenka ya ajiye maka." Gaskiya Auta yakan canka daidai sau da yawa. Wani lokacin kuma Mai Aski ya koma gida da sabulu alhali safa ya je saya.

Da ya yi aure ya dace da mace mai jira. Ba wai haƙuri ne ya yi mata yawa ba. Idan ya maƙale a tsakiyar magana, sai ta ci gaba da yankan albasarta ko ninke kayanta, in maganar ta iso ta same ta a inda take. A gabanta har zolaya yake yi, kuma wallahi ya iya.

Bakin Auta bai tashi a banza ba. Ya samu aiki a wani ƙaramin situdiyo inda ake shirya wasan barkwanci na katun, wato zane mai motsi, wanda ake nunawa a talabijin duk yammacin Asabar. Ba irin na yara ba ne. Wannan na manya ne, ana caccakar ma'aurata da shugabannin ofis da surukai, har iyaye kan kori 'ya'yansu daga falo idan an fara. Labarin wani magidanci ne da ake kira Mai Tumbi, da matarsa, da maƙwabtansa. Auta ke yin muryoyin mutum uku ko huɗu a ciki, wani lokacin yana sa hannu a rubutun. Mai Aski yana alfahari da wannan fiye da yadda yake alfahari da shagonsa. Talabijin ɗin da ke maƙale a saman bango, yana fuskantar babban madubi, don wasan nan ya saye shi. Ranar Asabar benci yakan cika har da waɗanda kansu ƙwal yake, ba abin askewa.

A irin wannan yammaci ne abin ya faru. Direba ne a kujera, wani direban babbar mota mai ƙaton wuya da son surutu, wanda bai taɓa barin Mai Aski ya kai ƙarshen jimla ba. An aske rabin kansa ke nan aka fara wasan. A wannan makon an kawo sabon maƙwabci, wani siriri mai dogon hanci. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Mai Tumbi a gaggauce, ya buɗe baki ya ce, "Wato... go... go..." Sai ya doki ƙasa da diddigensa na dama.

Injin bai tsaya a hannun Mai Aski ba. Ta madubi yake kallo, ya ga mutumin zanen, ya kuma ga kawunan da ke benci suna juyowa ɗaya bayan ɗaya su dube shi su kau da kai. Ba kama ba ce. Shi ne. Yadda numfashi ke yankewa kafin harafin, yadda muryar ke hawa sama idan ta matsu, duk an kwaso. Ba wanda zai iya wannan sai wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi shekara da shekaru. Da ɗan gari akan ci gari.

A cikin akwatin talabijin kuwa, Mai Tumbi ya kama hannuwan baƙon duka biyu yana girgizawa, ya ƙi saki.

"Godiya? Haba, maƙwabci, ai ba mu yi maka komai ba tukuna!"

"Go... go..."

"Gobe yake nufi," in ji matar Mai Tumbi daga bayansa. "Gobe zai kawo mana iyalinsa."

Surukar gidan ta leƙo ta taga ta ce gona yake son sayarwa, ita ta san irinsu. Wani maƙwabci ya ce a'a, goga yake son aro. Suka kaure da gardama a kan abin da bawan Allah ke son faɗa, har da rantsuwa, shi kuwa yana tsakiya hannuwansa a riƙe, diddige na dukan ƙasa. A bayansu hayaƙi na tashi daga kicin. Sai da rufin gidan ya rufta, suna tsaye baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kowa ya yi tsit, sannan mutumin ya samu fili ya ce, "Gobara." Mai Tumbi ya dube shi ya ce, "To me ya hana ka faɗa tun ɗazu?" Mutumin ya yi wani murmushi mai sanyi, irin na wanda ya yafe wa duniya, aka sa kiɗan rufewa.

Shagon ya tuntsire. Direba ya yi dariya har tawul ya zame daga wuyansa, sannan kamar wanda aka taɓa da allura ya haɗiye sauran. Mai Aski bai kashe talabijin ba. Ya ƙarasa askin, ya goge wuyan da buroshi, ya shafa hoda, ya kira na gaba. Rabin kai ba a barinsa don zuciya ta ɓaci. Amma ranar ya ji kunya irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗan aji, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne wasan ya yi kyau.

Kwanakin da suka biyo baya abin ya zo masa ta fuska biyu, kuma ba wadda ta yi masa daɗi. Yaran layi, waɗanda aka ce an kora daga falo, suka riƙa wucewa ta ƙofar shago suna "go-go-gobara" suna dukan ƙasa da ƙafa. Manya kuma suka tuba fiye da kima. Direba ya dawo gyaran gemu, Mai Aski na buɗe baki sai ya dafe nasa da tafin hannu, ya zaro ido, ya ƙame kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wannan jiran ya fi katsalandan nauyi. Kalmar da za ta fito ma sai ta koma.

Auta ya yi ta kiran waya. Mai Aski dama shi da waya ba sa ga maciji, yanzu kuwa ya samu dalili. Matarsa ta zuba masa ido kwana biyu, sannan wata safiya tana ɗaure wa ƙaramarsu takalmi ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In zaginsa za ka yi, kira shi ka zage shi. Wannan shirun ni yake ci." Bai kira ba. Tsoro yake ji. Yana gudun ya tambayi yaron da ya goya, ya ji amsar da za ta tabbatar masa cewa duk shekarun nan abin kwaikwayo ne shi a wurinsa, kamar akuyar maƙwabta.

Auta ne ya kawo kansa, da hantsi, lokacin da shago ba kowa. Ya tsaya a bakin ƙofa gashinsa buzu-buzu, don tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa sa masa inji a ka sai yayansa.

"Yaya, ina kwana."

Mai Aski ya nuna masa kujera da haɓa. Ya yafa masa tawul, ya ɗaure shi a wuya, ɗaurin ya ɗan fi na kullum tsauri.

"Yaya, wallahi ba don a yi maka dariya na yi ba. Ka ga ai su aka mayar wawaye. Ni na kawo labarin, ni na dage sai an yi. Na gaji da ganin yadda irin su Direba ke yi maka. Na ce bari su ga kansu."

Inji ya fara kuka. Gashi ya fara zuba a kafaɗar tawul.

"Ba ka ta... ta..."

"Ban tambaye ka ba. Na sani. Na ji tsoron za ka hana."

Mai Aski ya kashe injin. Ya dubi ƙanensa ta madubi, ya ci gaba da dubansa, har Auta ya ji abin da ya yi yanzun nan. Wanzami ba ya son jarfa: mutumin da ya zana wa duniya masu katsalandan, ga shi a kujera an kama shi dumu-dumu. Ya sunkuyar da kai. Mai Aski ya sa yatsa biyu ya ɗago haɓar, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya motsa ana yi masa aski.

"Ba ka ta... taɓa ganin raina a ɓace ba?" Maganar ta ɗauki lokaci, diddige ya yi aikinsa, amma ta iso. Ba ita Auta ya canka ba.

"Ban gane ba, Yaya."

"Mutumin nan naka. Muryar tawa ce, na yarda. Ƙafar ma tawa ce. Amma wato... murmushin nan na ƙarshe, na wa ye? An riƙe masa hannu, an sa masa magana a baki, gida ya ƙone, yana murmushi kamar waliyyi?" Fushi yakan sassauta masa harshe, yau kuwa ya samu fushi mai kyau. "Ni ban taɓa yafewa a wurin ba. Haushi nake ji. Kullum. Da ka bar shi ya zage su, da na ce ka san ni."

Shi Auta a zuciyarsa duniya ta kasu biyu ne: masu katse yayansa, da shi mai taimakonsa. A kan wannan ya gina wasan, a kan wannan ma ya gina rabin abin da yake ɗaukar kansa.

"Haushin su Direba," ya ce a hankali, yana lallaɓa maganar kamar mai taka ƙasa da ƙafa mai ƙaya. "Ko... har ni?"

Mai Aski ya ɗauki almakashi ya daidaita gefen kunne. Yana son yaron nan, son da bai ragu da ƙwayar zarra ba, kuma don yana son sa ne ya ƙi yi masa ƙarya.

"Direba baƙo ne. Kai ka fi shi sauri."

Wata mota ta wuce a waje, madubin ya ɗan girgiza. Idanun Auta suka kawo ruwa, ga hannuwansa a ƙarƙashin tawul, ba damar sharewa. Ya bar hawayen suka gangaro suka haɗu da guntayen gashi a kumatunsa.

"Yaya, duk shekarun nan? Me ya hana ka gaya mini?"

Mai Aski ya ja numfashi. Kalmar ta zo ta tsaya a bayan haƙoransa ta ƙi fita. Auta ya san ta, ya gan ta ƙuru-ƙuru a leɓen yayansa, ya cije nasa leɓen ya riƙe hannun kujera. Diddige ya doki ƙasa, ya sake duka.

"Na sha fa... fa... farawa," in ji Mai Aski.