Awon Tukunyar Tabawa

Duk wanda ya zauna unguwar Dagmanet zamanin Nasara ya san Tabawa mai fura. Mijinta ya rasu a hanyar Bilma, ya bar mata ƴaƴa huɗu da akuya guda. Mace ce mai zuciyar tsiya: ko ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, sai ta hura wuta don maƙwabta su ga hayaƙi. Katanga ɗaya ta raba mu, na san abin da nake faɗa.

Shekarar da ruwa ya ƙi, kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya ce za a buɗe rumbun hatsi, amma sai ga unguwar da yunwa ta fi ci. To shi Nasara ba ya yarda da yunwa sai ya auna ta. Aka aiko wani dokotoro, likitan Nasara, da akwatuna niƙi-niƙi, ya zaɓi gida ɗaya a kowace unguwa. Namu rabon ya faɗa kan Tabawa.

Chaibou, ɗan gari da ya yi lakwal, makarantar Nasara, shi ke juya masa magana. Ya durƙusa ya ce, "Inna, kwana bakwai za mu yi. Ki dafa abin da kika saba, kada ki ƙara ko gishiri. In ya ga babu, unguwa ta samu hatsi."

"In ya ga babu? A gidana?"

"Inna, don Allah."

Ranar farko dokotoro ya matse mata hanci da wani ƙarfe, ya sa ta hura jakar roba har idanunta suka yi ja, wai numfashi shi ke faɗin abin da jiki ya ci. Ya ɗebi jininta a kwalba. Yaran kuwa ya rataye su a ma'auni ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan albasar Tabelot. Sannan ya zauna a tabarma, takarda a cinya, yana jiran tukunya. A gidan ba komai sai dusa.

Tabawa ta dubi baƙon, ta dubi dusar, ta aika a kira Sule mahauci. Kafin azahar akuya ta shiga tukunya.

Kada ku ɗora mata laifi ita kaɗai, wallahi da mu aka yi. Baƙo a unguwa, farar fata ma, yana rubutawa! Ni na miƙa shinkafar da na ɓoye ta kan katanga. Wata ta miƙo cuku, wata dabinon Iférouane, wata man shanu. Bawan Allah yana aunawa, yana rubutawa, yana gyaɗa kai. Har ɗanɗana miya ya yi, ya auna abin da ya ɗanɗana. Chaibou sai share zufa yake, ya kasa tona asirin uwar wani a gaban Nasara.

Rana ta bakwai aka sake hura jaka, aka sake rataye yara. Kowanensu ya ƙara nauyi, ina za su ƙi? Dokotoro ya yi wa Tabawa musafaha, ya ce bai taɓa ganin mutanen hamada masu ci irin namu ba.

Bayan sati uku raƙuman hatsi suka bi ta bakin unguwa suka wuce gaba, muna tsaye muna kallo. Ranin nan ƙarangiya muka sussuke muka ci. Altine, autar Tabawa, ba ta ga damina ba. Har yau in na tuna shinkafar nan raina ɓaci yake, haushin kaina nake ji.

Chaibou ya zo gaisuwar rasuwa. Da zai tashi ya ce, kansa a ƙasa, dokotoro zai dawo baɗi ya sake awo.

Tabawa ta goge ido da gefen zane. Ta ce, "To ka gaya mini da wuri, ɗana. Kada ya iske ni ban shirya ba."