Lambar da na rubuta da hannuna

Shekarun da Shari'a take da zafinta, ina da shagon intanet a Ƙaura, kusa da tasha. Kwamfuta biyar, da janareta mai tari. Wata rana dattawan unguwa suka shigo da 'yan hisba biyu, suka ce samari na kallon abin kunya a wurina, ko in gyara ko in rufe. Ni kuwa ba ni da wata sana'a.

Wani abokina ya nuna mini dabara. Ashe kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, sai ta tambayi wata na'ura can nesa lambarsa, kana ta tafi. Amma akwai wani ɗan fayil a cikinta, shi take fara dubawa. Duk lambar da ka rubuta wa suna a nan, da ita za ta yi aiki, ba ta ƙara tambayar kowa. Na tattara sunayen shafukan banza na ba su lambar da ba ta zuwa ko'ina. Samari suka yi ta tsaki, dattawa suka sa mini albarka.

Daga nan kaina ya kumbura. Intanet ɗinmu na farantin tauraron ɗan'adam ne, tambayar lambar nan kaɗai sai ta ci minti, wani lokaci ma ta ƙi. Sai na ce to mene ne na wahala? Na samo lambar shafin rajistar jarrabawar shiga jami'a, na rubuta ta da hannuna a fayil ɗin. Aiki ya riƙa gudu. Har daga Shinkafi ake zuwa, wai shagona ya fi sauri. Ban taɓa komawa na duba lambar ba.

Ana saura kwana ɗaya a rufe rajista wani saurayi ya zo daga Birnin Tsaba, shi da mahaifinsa, dattijo Bafillace da sanda a kafaɗa. Kwana goma rabona da yi wa wani rajista, kowa ya gama. Dattijon bai ko zauna ba.

"Malam, wanga karo ɗaya na ba shi," in ji shi. "In ya ci, shi tafi karatu. In bai ci ba, shanu na jiran shi, ni na tsufa."

"Baffa, kwantar da hankalinka," na ce. "Ka zo wurin masu aikin."

Shafi ya buɗe, na cike komai, na sa hoto, takarda ta fito da lambar rajista. Saurayin ya ninke ta biyu ya sa a leda.

Ranar jarrabawa da la'asar sai ga shi, wuyan rigarsa jiƙe da gumi. "Malam, sun ce babu sunana. Na nuna takarda, sun ce ba su san ta ba."

Na yi ta faɗa, na zagi mutanen da ban taɓa gani ba. Na ce aikinsu ke nan, ɗan talaka ba ya da gata. Ya saurara, ya yi mini godiya, ya nufi motar Zurmi da za ta kai shi gida.

Bayan ya fita wani abu ya tsaya mini a rai. Na buɗe fayil ɗin, na goge layin, na sake kiran shafin. Wata lamba ce daban ta fito. Ashe masu jarrabawar sun ƙaura zuwa sabuwar na'ura tun kafin yaron ya zo, kowace kwamfuta a duniya ta bi su, ban da tawa, don na hana ta tambaya. Tsohuwar na'urar ba a kashe ta ba, tana nan tana karɓar suna tana ba da takarda, ba mai dubawa. Na zauna har aka kira magariba ban iya tashi ba.

Na san hanyar Birnin Tsaba sarai. Ban je ba. Tsoro na ji, kada a ji a daina zuwa shagona. Wannan ita ce gaskiya, kuma har yau ina jin kunyarta.

Shekaru bayan haka, shagon ma ya mutu, na haɗu da shi a kasuwar Shinkafi, gefen kara, inda ake cinikin shanu. Ya yi baƙi, ya rame, igiya a hannu. Shi ya gane ni. Ya ce Baffa ya rasu, shanun ma ɓarayi sun kore rabinsu a daji. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Malam, ban manta ba," ya ce. "Duk wanda na kai ma kuka ran nan kora ta ya yi. Kai ɗai ka tsaya mini."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya jiƙan Baffa."

Ya ce amin, ya ja bijiminsa ya shiga cikin mutane.