Addar Kawu Iro

"Damƙe wannan, Malam Iro, iya ƙarfinka."

Haka maƙerin ya ce, ya miƙa wa kawuna curin ɗanyen yumɓu. Na tsaya ina kallon ikon Allah, don adda muka zo nema kasuwar Dutsin-Ma, ba tukunya ba.

Kawu Iro manomi ne a Wurma. Bara injin casa ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Tun daga nan duk addar da ya ɗaga sai ta suɓuce, har ya fara zancen ba da gonarsa aro. Da ƙyar na lallaɓo shi.

Ya ce, "Malam Sale, kada ka wahalar da kanka. Hannun nan ya gama aiki."

Maƙerin ya ce, "Wa ya faɗa maka? Addunan da kake ɗauka na masu yatsu biyar ne. Taka ba a ƙera ta ba tukuna."

Da kasuwa ta zagayo muka koma. Da sifirin mota ya ƙera ta, ba nauyi, ya sassaƙa ƙotar daidai shatin hannun Kawu da ya fito a yumɓun, ya sa mata maɗaurin fata.

Kawu ya gwada ta a wani icce, sara ɗaya ya raba shi biyu. Ya juya baya yana goge ido.

Jiya na kira shi, matarsa ta ce yana gona yana sassabe.

Allah Ya yi wa Malam Sale albarka. Ku fa, wane mai sana'a ne ya taɓa share muku hawaye haka?