Ranar da Baba Haruna ya sauke amawali gaban surukinsa

Kai da kake karanta wannan, yaushe rabonka da ka buɗe bakinka gaban madubi ka leƙa ciki da kyau?

Baba Haruna dillalin raƙuma ne a kasuwar dabbobi ta nan Agadas, tun yana saurayi aikinsa kenan. Dogo ne siriri, ko 'ya'yansa ba su cika ganin bakinsa ba don kullum amawalin rawaninsa na bisa hanci, ko shayi zai sha ta ƙarƙashi yake tura kofin. Abinsa ɗaya taba da kanwa, ya murza ya cusa a kumatun hagu nan za ta wuni.

To daidai wurin nan abin ya fara. Wani farin tabo kamar an ɗiga nono, ya kankare da farce bai fita ba, ba zafi ba komai sai ya share. Can tabon ya zama miki, ya ce ai zafin ciki ne ya fito, ya kurkure da ruwan bagaruwa ya shafa zuma, miki na nan. Azumi ya zo ya wuce miki na nan, in ya yi asuwaki sai jini, haƙori ɗaya ya fara girgiɗi, ga wani ƙullutu ƙarƙashin muƙamuƙi mai tauri kamar ƙwallon dabino.

Kuma fa mai dubawa yana cikin dangi. Ashiru mijin ɗiyarsa Sakina anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, gidan likita yake aiki. Amma suruki ne. Baba Haruna ko ruwa bai taɓa sha gabansa ba balle ya wage masa baki, bakin da shi kansa ya fara jin warinsa cikin rawani. In kuma ya je gidan likita duk an san shi, kafin azahar gari ya ɗauka surukin Ashiru bakinsa ya ruɓe. Sai ya ƙara ɗaure amawali ya rage magana.

Sakina ce ta gane. Ta kawo masa kilishi da yake so ya tura wa jikoki, fura kawai yake sha ita ma da gefe ɗaya.

"Baba buɗe in gani."

"Ke tashi min nan, ba ki da kunya."

"Raƙumin mutane kana ɓare masa baki ka ƙirga haƙora, naka ne ba a gani?"

"Raƙumi yana da suruki ne?"

Ta yi dariya amma idonta ya cika da ruwa, don da ya yi magana ta ga jini a jikin rawanin.

Ta turo Ashiru. Ya zo bayan la'asar ya cire takalmi tun daga zaure ya durƙusa can nesa, ina wuni ina gajiya ya kasuwa ya zafi, har farashin raƙuman kasuwar garin Abarbisanat sai da suka taɓa, ba wanda ya ambaci baki, ya tashi ya tafi. Sakina ta ce masa, "Kai ma ashe irinsa ne, karatun naka na gaisuwa ne?"

Ashiru ya dawo tare da Sakina. Wannan karon kansa na ƙasa ya ce, "Baba ka yi haƙuri. Miki a baki in ya wuce sati biyu bai warke ba ba a zama da shi, ko ba ya zafi. In ni ne ba ka so in kai ka wurin wani, amma yau sai an gani."

Ashiru ya zaci korarsa za a yi. Sai Baba Haruna ya ce Sakina ta fita. Ya rufe idonsa gam, ya sa hannu ya sauke amawali ya buɗe bakin, ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ashiru ya haska da fitilar wayar salula, ya taɓa ƙullutun, sai da ya koma nesa ya durƙusa sannan ya yi magana.

"Baba Yamai za mu."

A Yamai aka yanki ɗan nama aka auna aka ce kansar baki ce. Likitan ya ce da tun yana farin tabo aka zo da aikin kaɗan ne. Aka yi masa aiki aka cire wani ɓangare na cikin kumatun da haƙora, ya rayu alhamdulillahi, taba kam an rabu. Sai dai maganarsa ba ta fita sosai yanzu, ciniki ma da hannu yake yawancinsa. Kuma har yau in ya hango Ashiru a lungu sai ya sake hanya, magani ma ta hannun Sakina yake karɓa, shi ma Ashirun bai taɓa tada zancen ba.

Don Allah in ka gama karantawa tura wa wasu, musamman masu tsoho a gida mai cin taba, farin tabo ko ja ko miki ko ƙullutu a je a nuna kar a tsaya jin nauyi, a tura har gurup ɗin masu haƙar zinariya a Jado.