Tukunyar Ba'indiye

Cikin duk abin da na gani a harkar hatsi akwai guda ɗaya da ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin zan manta shi. Bari in fara da abin da na zuba a ciki, don mu 'yan kasuwa daga nan muke fara labari. Na sayar da motar ɗaukar kayana, na haɗa da shanun da nake kiwo, na sayi injin gyaran shinkafa, na kafa masa rumfa a bakin hanyar Makarfi. Na kuma yi wa manoman Janfalan da na wajen Kudan alkawarin cewa shinkafarsu ta wannan shekarar ni zan ɗauka. Kaka ta ƙarato, injin yana cikin akwatuna, kuma mutum ɗaya ne ya san yadda ake haɗa shi. In ya tafi, mota ta tafi, shanu sun tafi, maganata ta zube a idon manoma. Abin da ya kusa korar mini shi kuwa, yunwa ce.

Mutumin Ba'indiye ne, injiniyan da masu injin suka aiko daga Kano. Siriri, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe a Kano, don haka yana jin Hausa daidai gwargwado. Na sauke shi a ɗakin baƙi na gidana a Ikara. A gidan nan kuwa, duk da akwai maiɗakina, abincin baƙo daga hannun mahaifiyata yake fitowa, kuma ba a jayayya da Inna a kan wannan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "Dillali", musamman in tana son ta tsokane ni.

Ranar da ya iso ta sa aka yanka babban zakaranta, wanda ta hana kowa taɓawa. Aka kai tuwon shinkafa da miya tana ƙamshi har zaure. Mutumin ya buɗe kwano, ya rufe a hankali, ya haɗa hannuwansa biyu a ƙirji. Ya ce, "Alhaji, ka ba Mama haƙuri. Ni ba na cin nama, ba na cin kifi, ba na cin ƙwai. Addinina ne, tun haihuwa." Na kai wa Inna saƙo. Ta ce, "Wane irin addini ne zai hana mutum zakara? Miƙo kwanon." Ta sa ludayi ta tsame naman tsaf, ta ce in mayar masa, ai yanzu babu nama.

Na tsaya da kwano a hannu. Na ce, "Inna, da a ce an dafa miya da naman alade, aka tsame naman, za ki sha?"

"A'uzubillahi! Rufe mini baki, Dillali."

Can ta ce, "Wato haka yake ji?" Na ce haka nake zato. Ta karɓi kwanon ta ajiye.

Sai da na fara nemo masa abinci a gari na gane yadda dabba ta shige cikin cimarmu ba mu lura ba. Na sayo ƙosai, ashe mai ƙosan a man da ta soya kifi take tuya. Na sayo waina, mai wainar tana shafa wa tandarta kitse. Cincin akwai ƙwai. Dunƙulen miya da muke jefawa ba tunani, shi ya juya takardarsa ya nuna mini inda aka rubuta akwai kaza a ciki. Mutumin nan ya koma ayaba da gyaɗa da shayi, yana ɗaga ƙarfe a rana. Na ga wandonsa ya fara yi masa yawa. Wata rana da hantsi jiri ya ɗebe shi a gindin injin, ya zauna a kan buhu ya ce yana ganin zai koma Kano ya huta, ya dawo bayan kaka. Bayan kaka! Ni kuwa na san ma'anar wannan.

Inna ce ta ce a bar mata shi. Ta ce kafin a kawo dunƙule ƙasar nan ai ana miya, kuma ana lashe kwano. Ta yi tuwon masara da miyar kuka, ba nama, ba romo, ba dunƙule, sai daddawa da barkono da man shanu, don ya ce madara da abin da ya fito daga madara duk yana ci. Ranar na ga abin mamaki. Ya cinye malmala biyu, ya siɗe yatsu, ya leƙa ƙofar cikin gida ya ce, "Mama, kin ceci rai." Ta ce, "Ka ƙara, ɗan nan, dubi wuyanka kamar na zalɓe." Daga nan kullum sai ya ci miyar nan. Ƙarfinsa ya dawo, injin ya fara tashi tsaye, ni kuma na fara barci.

Ana cikin haka daddawar Inna ta ƙare. Ina zaune a tsakar gida da safe ina karyawa, ta jawo turmi za ta daka sabuwa. Ta zuba daddawa, ta zuba citta da masoro, hannunta ya miƙa cikin wani ƙaramin kwando da kansa. Sai na ga hannun ya tsaya a sama. Kan busasshen kifi ne a ciki. Tun tana amarya haka take daka daddawarta, haka ta gani wajen tata uwar, har ta daina ganinsa a matsayin kifi. A wurinta daddawa ce kawai.

"Innalillahi," in ji ta. "Dillali, na ciyar da yaron mutane haramun ɗinsa."

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya shiga lissafi nan take, don aikinsa ke nan. Saura ƙiris injin ya tashi. Mutumin bai sani ba, ba kuma mai gaya masa. In ya ji, yana iya tattara kayansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma ni mutum ne da in na sayar da buhu na gano akwai danshi a gindinsa, nakan bi mai saye har gida. Ban gama auna abin ba na ga Inna ta riga ta yafa mayafi. Ta ce, "Tashi ka kai ni. In Hausarsa ta gaza ka yi masa da Turancin naka na kasuwa."

Inna ba ta taɓa taka rumfar injin ba sai ranar. Ta same shi a durƙushe yana ɗaure ƙusa, hannu duk baƙin mai. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa kan kifin. Ta ce, "Ɗan nan, wannan yana cikin duk miyar da ka sha a hannuna. Wallahi mantuwa ce, amma ni na zuba. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon abin nan. Na ga fuskarsa ta canza, ya tashi ya koma bayan rumfa ya kurkure baki, ko da yake ba abin da ya ci tun jiya. Ni dai na riga na fara tunanin abin da zan gaya wa mutanen Janfalan. Da ya dawo idonsa ya yi ja. Ya ce, "Mama, na ci abinci a gidaje da yawa a ƙasar nan. Na san wasu sun ba ni irin wannan sun yi shiru. Ke kaɗai kika biyo ni." Ya ce ba zai yi aiki ba ranar da washegari, zai yi azumi ya yi addu'a irin tasu.

Washegarin ta kama Alhamis. Inna ta ce ita ma ta ɗauki azumi, ba za a ce baƙonta na jin yunwa saboda ita tana cin tuwo ba. Na ce, "Inna, nasa daban naki daban fa." Ta ce, "Na sani. Cikin ai iri ɗaya ne." Da magariba ta dama fura da nonon da Fulani suka kawo da safe, ta aika masa rabi a sabuwar ƙwarya. Kafin nan ta riga ta tura ni kasuwa na sayo sabuwar tukunya, sabon turmi, sabon ludayi, ta ce duk wanda ya kusantar da su da nama zai gamu da ita. Har yau a gidanmu tukunyar Ba'indiye ake ce mata.

Shi ma bai bar mu haka ba. Ya ga jikokin Inna suna tauna wata alewa mai danƙo ta ƙasar waje, ya karɓa ya duba takardar, ya ce irin wannan danƙon sau da yawa daga ƙashi da fatar dabba ake yinsa, kuma ba a rubuta wace dabba ba ce. Inna ta kwashe alewar ta watsa a shara, ta ce, "Ka ga, ashe mu ma ana yi mana." Tun daga ranar ba na sayen abin leda ban sa an karanta mini bayansa ba.

To, ga yadda lissafin ya tsaya. Injin ya makara, wasu daga cikin manoman Kudan ba su iya jira ba suka sayar wa wani, kuma ban ga laifinsu ba. Wannan asara ce, na ɗauke ta. Zakaran Inna ma ya tafi a banza, mu muka cinye shi. Amma mutumin bai koma Kano ba sai da injin ya tashi, ya tsaya ya koya wa ma'aikatana gyaransa ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Duk shekara kafin kaka yakan zo dubawa, kuma kafin ya ga injin sai ya fara shiga gaida Inna. Shekarar da ta rasu ya zo ta'aziyya, ya zauna a tabarma cikin jama'a har yamma, da zai tafi ya tambaya ko tukunyarsa tana nan. Na ce tana nan.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka sa a bakin wani amana ne, ko da abin da yake gudu kai halal ne a wurinka. In ka sani ka faɗa, in ka gano daga baya ka bi shi ka faɗa. Na yi asarar shinkafar rabin kaka, na samu mutumin da yake cin abin da na miƙa masa ba ya buɗe kwano ya duba. A duk cinikin da na yi a rayuwata, ban taɓa cin riba irin wannan ba.