Kawuna Samanja da Bataliyar Ajiya

Shekara ashirin na yi a London ina cin girma da sunan kawuna. Aikina a council ne, sashen ba da takardar izinin ajiye mota, aikin da ba ya sa kowa ya juyo ya dube ka a taro. Amma duk inda 'yan Arewa suka haɗu, suna ne ko walima, da zarar hira ta gangaro kan yaƙin basasa sai in gyara zama in ce, "Ai ƙanin mahaifiyata samanja ne a yaƙin nan."

Da farko iyakar abin da nake faɗa ke nan, don iyakar abin da na sani ke nan. Akwai hotonsa cikin kaki a ɗakin kakarmu a Zariya, akwai kuma wani dogon tabo a ƙaurinsa. Sai dai baki ba ya son ya maimaita labari yadda ya same shi. A hankali tabon ya zama na harsashi. Daga baya kawu ya ƙetare kogi da iyo, bindiga a baki. Akwai wata walima a Camberwell da na sa shi ya kama mutum bakwai shi kaɗai, saboda wani likita ya riga ni da labarin kakansa mafarauci.

Sai ga kawun da kansa ya sauka. 'Ya'yansa ne suka turo shi a yi masa aikin gwiwa, ya zauna a flat ɗinmu na Dagenham. Tsoho ne siriri, ya haura tamanin, kullum da safe sai ya aske gemu ya gyara gado har ka ji kunyar zama a kai. Ranar da aka sa za a yi aikin aka tarar jininsa ya hau, aka yi cancel, aka ce sai bayan wata guda. Wannan watan ne ya jawo mini.

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa, likita ne mai son taro ya yi armashi, ya kira ni a waya.

"Na ji jarumin ya iso," in ji shi. "Mun riga mun yi booking ɗin hall na taron bayan Sallah. Shi zai yi jawabi, yaranmu su ga namijin duniya da idonsu. Kuma Alhaji ya amsa zai zo. Zakuna biyu a ɗaki ɗaya, ka gani?"

Alhajin da yake nufi wani attajiri ne mai gida kusa da Charing Cross, wanda kan zo London duk bazara. Yana ɗingishi kaɗan, kuma kowa ya sha ji daga bakinsa cewa ɓarɓashin bom ne ya same shi a bakin daga.

Da yamma na sami kawu a kicin yana shan shayi. Na gaya masa batun taron, na ce, "Kawu, labarin bakin daga kawai za ka ba su."

"Wane bakin daga?"

"Inda kuka yi yaƙi."

Ya ajiye kofi. "Ɗan nan, ni tun da aka fara yaƙin har aka gama ban wuce tashar jirgin ƙasa ba. A bataliyar ajiya nake. Mu ke horar da kurata mu tura su gaba."

"To tabon nan fa?"

"Keke ne. Na ɗauko takarda zan kai ofishin kanar, akuya ta gitta."

Na roƙe shi ko ɗan gishiri ya ƙara, don mutanen nan sun sa rai. Ya ce shi gishiri a miya ya san ana sa shi. Kwana uku ina shirya yadda zan ce wa shugaba jikin tsoho ya motsa, amma duk lokacin da na ɗauki waya sai in ga kawu yana goge takalminsa na zuwa taro, in ajiye.

Ranar ta zo. Hall ya cika, ƙamshin masa da miyar taushe ya gauraye da turare, yara sun jeru a baya kowa da wayarsa. Kujerar Alhaji na nan babu kowa, don babban mutum ba ya zuwa sai an gaji da jiransa. Shugaba ya ɗauki makirfo ya gabatar da kawu. Bai bar komai ba: harsashin, kogin, bindiga a baki, mutum bakwai ɗin ma sun zama goma sha biyu a hannunsa. Aka yi ta kabbara. Kawu ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ni kuma na sami wani abu mai muhimmanci a ƙasan kujerata.

Ya tashi da sandarsa. Bai musa komai ba. Ya ce a ba shi abin rubutu, ya je gaban farin allon da yara ke karatun Asabar da shi, ya zana ɗakuna huɗu a jere.

"Duk bataliyar da kuka ji tana yaƙi a gaba," in ji shi, "tana da uwa a baya. Mu ne uwar. In mutanenta sun ragu, wurinmu take aikowa."

Ya buga ɗakin farko da sanda. Nan ne kamfanin kurata, sababbin shiga, waɗanda aka kwaso daga kasuwa da gona da tasha. Da yawansu ba su san hagu da dama ba, sai an ɗaura musu tsumma a ƙafar hagu, saje na ihu, "Mai tsumma! Marar tsumma!" A ɗaki na biyu ake koyon harbi. Bindigogi ba sa isa, don masu kyau duk suna gaba, saboda haka kafinta ya sassaƙa na katako, mutum ya yi kwanaki yana nuna icce yana cewa "Tau!" kafin layi ya zo kansa ya taɓa ta gaske. Ɗaki na uku na waɗanda suka gama ne, suna zaman jira. Na huɗu na waɗanda aka sallamo daga asibiti, a ciyar da su su yi ƙwari a mayar, tare da waɗanda likita ya ce sun warke su kuma suka ce ba su yarda ba.

Ya yi bayanin yadda horon da ake yi cikin watanni ya koma na makonni da gaba ta matsa da neman mutane. Ya yi bayanin su waye masu horarwa: tsofaffin soja da ido ko ƙafa ta hana su tafiya, da irinsa da kanar ya riƙe saboda muryarsa na kai wa ƙarshen fili. Ya shiga batun takalma, yadda ake aiko da lamba ɗaya ga ƙafafu iri-iri. A nan ya daɗe. Na ga wata Hajiya ta fara gyangyaɗi, masu rabon abinci suna leƙowa daga ƙofa, shugaba yana duba agogo yana dubana.

Wani ɗan kasuwa daga tsakiya ya kasa haƙuri. "Baba, a gafarce ni. Mutum nawa ka kashe?"

"Da hannuna? Ko kaza. Kuku ke yankawa."

Aka fashe da dariya. Ya jira ta lafa.

"Amma ni nake rubuta sunaye," in ji shi. "Saƙo zai zo daga gaba, a aiko mutum kaza. Ranar Laraba in zauna in cike takarda, ranar Alhamis in raka su tasha da ganga da begila. Kuma gaba ba ta son rago. Wanda ya fi kowa ƙwazo, wanda ya fi saurin ganewa, shi nake fara rubutawa. Yaro zai yi ta ƙoƙari don in ce masa madalla, in na ce madalla kuma ya hau jirgi. Wasu sun dawo mini ta ɗaki na huɗu. Da yawa ban sake ganinsu ba."

Har Hajiyar ta farka.

A daidai nan ƙofa ta buɗe, Alhaji ya shigo cikin farar shadda, mutum biyu na biye da shi. Jama'a suka miƙe. Yana takowa a hankali, yana jan ƙafar dama, yana ɗaga hannu hagu da dama. Kawu ya ƙanƙance ido ya bi tafiyar da kallo tun daga ƙofa har tsakiyar hall. Sai kawai ya daka wata tsawa da ban san tana cikin wannan ƙirjin ba.

"Kai, mai sito! Tsaya nan!"

Abin da na gani ba zan manta ba. Attajirin da ake cewa ministoci na jira a falonsa ya haɗe dugadugansa wuri ɗaya, hannuwa suka manne a cinya, haɓa ta ɗaga. Jiki ya amsa kafin mai jikin ya yi shawara.

Kawu ya tako wurinsa fuska cike da murna, ya kama hannunsa biyu. "Allahu akbar! Ashe kana raye! Jama'a, ga ɗan kamfani na huɗu. Mako biyu da zuwansa ya taka ƙusa a bayan kicin. Ƙafar nan, duk ranar Laraba sai ta tashi, ranar Juma'a ta kwanta. Da muka gaji muka ba shi sito. Wallahi ba mu taɓa samun mai kula da barguna kamarsa ba." Ya dubi ƙafar da tausayi na gaske. "Ashe har yanzu ba ta warke ba?"

Shugaba ya rufe fuska da takardar ajanda. Ni dai na fara tunanin ko akwai council a Scotland da ke neman ma'aikaci. Alhaji ya tsaya, gumi na tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ya dubi jama'a, ya dubi tsohon da ke riƙe da hannunsa.

"Samanja," in ji shi, "ai da ta warke, da ba ka gan ni a nan ba."

Shi ya fara dariya, sannan hall ya ɗauka, wasu har da hawaye. Jawabin babban baƙo da aka tsara bai yiwu ba. Alhaji ya ƙi kujerar da aka tanadar masa, ya ja ta roba kusa da kawu, suka sa kwanon masa ɗaya a gaba. Duk wanda ya zo gaisuwa, hannu kawai suke miƙa masa. Ni da ke tsaye a bayansu ina jin abin da suke yi. Sunaye suke kira. Kawu ya ambaci mutum, Alhaji ya ce dogo ne mai wushirya, shi ya ba shi bargo. Wani sunan su ce mai shi ya dawo, wani su yi shiru su wuce na gaba.

Washegari saƙon ƙungiya ya fito a waya, yana cewa gwarazan fagen fama biyu sun yi wa matasa jawabi mai ratsa jiki. Shugaba ya yi wata uku in mun haɗu a masallaci sai ya gaishe ni da ka. A gida kuwa matata ta sami abin yi: ko kwan fitila na hau canzawa sai ta ce in yi hankali da akuya.

Aka yi wa kawu aikin lafiya. Alhaji, da ya kamata ya koma gida tun ƙarshen bazara, ya ɗage tafiya, yana zuwa asibiti kusan kullum da kular farfesu. Wata rana da la'asar ina zaune a gefe ina ɓare lemo, Alhaji ya matso da kujerarsa jikin gado ya rage murya.

"Samanja, ka san a lokacin ƙafar nan lafiyarta ƙalau?"

"Tun makon farko, ranka ya daɗe."

"To me ya hana ka rubuta ni?"

"A duk kamfanin kai kaɗai ka iya karanta boko da ajami. In na tura ka, wa zai karanta wa mutane wasiƙun gida?"

Alhaji ya shiga murza carbi. Can ya ce, "Wa ya tafi a gurbina?"

"Duk Alhamis akwai wanda ya tafi a gurbinka," in ji kawu. "Akwai wanda ya tafi a nawa. Kar ka ce in ware maka ɗaya."

Sai ga ma'aikaciyar da ke koya wa kawu tafiya ta shigo da sanduna biyu, ta ce lokaci ya yi. Kawu ya sauko da ƙafafunsa a hankali. Ta kama shi ta dama, Alhaji ya ajiye carbi ya kama shi ta hagu, suka fita baranda.