Gilashin Siddo Magini

Siddo magini ne a Gaya, mutumin Tunuga, kuma ban taɓa ganin mai shiru irinsa ba. A zamanin soja kuwa mai shiru abin tsoro ne, don ba ka san wa yake yi wa magana in ka juya baya ba.

Ni da 'ya'yana huɗu muna haya a saman benen Hajiya Yalwa, kusa da tasha. Kowa ya san da simintin da ya sha ruwa a kwalekwale aka gina shi, amma wa zai faɗa? Sai aka yi shela daga biron superefe, wato ofishin sojan da ke riƙe da garin: duk benen da ya tsage za a shafa masa jan fenti, a fitar da mutane. To, in aka fitar da ni, ina za ni da yara huɗu?

Tsaga kam muna da ita, daga matakala har tagata. Hajiya ta kira Siddo ya shafe ta kafin a zo dubawa. Shi kuwa sai ya manna ɗan gilashi a kan tsagar, ya ce, "Hajiya, a ba shi kwana bakwai. In ya fashe, bangon tafiya yake."

Na ce a raina, ƙarya yake, alama ya yi wa sojoji! Bayan kwana uku na tarar gilashin ya rabe biyu. Na ɓamɓare shi da wuƙa, na jefa a shara.

Siddo ya zo, ya dubi gurbin, ya dube ni. "Kadi, ya fashe ko?"

"Oho! Ni ce mai gadinsa?"

Ya juya ya sauka. Washegari sai ga sojoji da gwangwanin fenti, Siddo a gabansu, ko kunya babu! Aka shafa wa benen jan fenti, aka fitar da mu.

Ni na bi gida-gida ina cewa ɗan rahoto ne. Aka daina ba shi aiki, aka daina amsa sallamarsa. Ya tattara kayan aikinsa ya koma Tunuga kamun kifi.

Da damina ta yi tsakiya, wata la'asar, benen ya rufta ba kowa ciki. Na je kallo. Rufin siminti ya danne daidai inda nake shimfiɗa wa yarana tabarma.

Na sha cewa zan je Tunuga in nemi gafara. Kunya ta hana ni, bana, baɗi, har wani masunci ya gaya mini an binne Siddo. Yaran nan huɗu duk sun yi aure, kuma har yau ban iya gaya musu sunansa ba.